Suwaitar da surukata ta saƙa ta tsuke a wanki, me zan ce mata?

Assalamu alaikum. Da na haihu, surukata ta saƙa wa yaron suwaita biyu da shawul da hannunta. Goggona ta yi mini surfani a zanin gado da rigunan filo, wata ƙawata kuma ta ɗinka mini hoton fure a kan farin ƙyalle. Na jefa suwaita ɗaya a injin wanki, ta fito ta tsuke ta yi tauri, ko kan yaron ba ya shiga. Zanin gadon kuma jan zaren ya zuba a kan farin. Tsoro ya sa na ƙulle sauran a leda, na zuba kafur, na tura su ƙasan akwati. Yanzu sau biyu ke nan surukata tana tambayata me ya sa ba ta ganin kayan a jikin jikanta. Akwai gyara? Kuma in gaya mata gaskiya ko in yi shiru?

Wata uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya yaro.

Kafin mu zo kan suwaitar da ta tsuke, je ki buɗe akwatin nan yau ki fitar da kayan daga leda, ki zubar da kafur ɗin. Wannan ya fi komai gaggawa. Yawancin ƙwallayen kafur da ake sa wa tufafi da naftalin ake yin su, warinsa yana shiga zare ya zauna, kuma yana da haɗari ga jarirai: yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, naftalin yana iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini, idanunsa su yi rawaya. Iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da wannan ƙarancin ba sai abin ya faru. Ki baza kayan a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana uku ko huɗu, har sai kin kai hanci ba ki ji komai ba, sannan a wanke su kafin su taɓa jikin yaro. Ita kuma leda tana riƙe danshi. Ulu yana iya shan ruwa kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da hannu ya ji ya jiƙe ba, to idan aka ƙulle shi a leda danshin ba shi da mafita, daga nan sai funfuna da baƙaƙen ɗige-ɗigen da ba sa fita.

Abin da ya sami suwaitar kuwa, ba ƙarfin hannu ba ne, rashin sanin irin zaren ne. Duk zaren saƙa "ulu" muke ce masa, amma iri biyu ne da ba su da dangantaka. Akwai na gashin tumaki, akwai na roba, wato akirilik. Na roba ba ya tsukewa a wanki. Abin da yake yi shi ne saki. Tunda taki ta ƙanƙance ta yi tauri, da ulun gaske surukarki ta yi ta, kuma shi ne mai tsada da ɗumi. Kowane silin gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi. Idan ya haɗu da ruwan zafi da sabulu mai kaifi, ɓawon yakan buɗe, in kuma aka cuɗa ko injin ya yi ta jujjuya shi, silin ya sarƙe da na kusa da shi, ya shiga ba ya komawa baya. Fitar da kaya daga ruwan zafi a tsoma su a na sanyi nan take yana ƙara wannan sarƙewar.

Ki ɗaga suwaitar wajen haske ki ɗan ja ta da yatsu. Idan har kina ganin idanun saƙar, layi-layi, akwai ɗan abin da za a ceto. Ki zuba ruwa mai ɗumi kaɗan lita 4 a roba, ki narkar da babban cokali 2 na man laushin gashi da ake shafawa bayan shamfu, ki jiƙa ta minti 30. Kada ki ɗauraye sosai. Ki shimfiɗa ta a kan tawul, ki riƙa jan ta a hankali da tafin hannu, tsawo da faɗi, ɓangare-ɓangare, ki kafe gefunan da fil marasa tsatsa, ki bar ta ta bushe a haka. Za ki iya samun santimita biyu ko uku, amma ba za ta koma yadda take ba. Idan kuwa idanun sun ɓace ta zama kamar bargo mai kauri, magana ta ƙare, babu wani magani da ke warware ta. Sai dai ba asara ba ce gaba ɗaya, domin ulun da ya dunƙule haka ana yanka shi da almakashi ba ya warwarewa. Jikin suwaitar zai ba da hula, hannuwan kuma takalman jariri biyu.

Yanzu tambayar da ta fi damunki. Ki gaya mata, kuma ki yi da wuri. Macen da ta iya saƙa da ulun gaske ta san yana tsukewa, da wuya a ce ba ta taɓa ɓata nata ba lokacin da take koyo. Abin da ke cin ranta yanzu ba suwaita ba ce, tunanin cewa ba ki so kayan ba ne, ko kin raina su. Ki yi wannan lissafin ki gani: a zare mai matsakaicin kauri, faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10 yana cin ido 22 a layi 30, wato ido 660. Shawul mai santimita 90 kowane gefe ya haura ido 53,000, kowane ɗaya da yatsunta ta ɗauko shi. Wadda ta yi wannan zaman, ganin kayan a jikin yaro ne ladanta, ko da madara ta zuba a kai. Ki je da suwaitar a hannunki, ki sa wa yaron ɗayar, ki ce: "Mama, na yi kuskure. Ban san yadda ake wanke irin wannan ba, na sa a inji ta tsuke, kunya da tsoro suka sa na ɓoye sauran. Ki koya mini." Kada ki ɗora wa injin laifi, kada ki ce zaren ne ba shi da kyau, kuma kada ki nemi ta saƙa wata. In ta ga dama ita za ta ce.

A wannan zaman ki roƙe ta abu biyu: takardar da ke naɗe da ƙullin zaren, in tana nan, da ɗan ragowar zaren. Takardar ce ke faɗin irin zaren da lambar launinsa da yadda ake wanke shi. Hoton baho da hannu a ciki yana nufin wankin hannu kawai. Baho mai lamba 30 yana nufin kada ruwa ya wuce digiri 30. Alama mai kusurwa uku da aka soke tana nufin ban da bilic. Dutsen guga mai ɗigo ɗaya yana nufin zafi kaɗan, mai biyu matsakaici, mai uku zafi sosai. In babu takarda, ragowar zaren zai gaya miki. Ki yanki ɗan guntu, ki riƙe da matsefata ko almakashi a kan faranti, ki kusanta shi da wutar ashana. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, suna barin baƙin dunƙule da ke rugujewa a yatsa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, tokarta fara-fara ce mai laushi. Akirilik yana narkewa ya bar ƙwallo mai tauri, kuma yana kama wuta da sauri, don haka guntu kaɗan ya isa.

Ga yadda za ki wanke suwaita ta biyu da shawul. Da farko ki auna su a shimfiɗe da tef, faɗin ƙirji da tsawon jiki da tsawon hannu, ki rubuta. Ki zuba ruwa lita 4 ko 5 wanda in kin tsoma gwiwar hannu ba za ki ji zafi ko sanyi ba. Ki narkar da ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wankin ulu, in babu sai shamfun jarirai. Garin sabulun wanki na yau da kullum bai dace ba: yana da kaifi, kuma da yawansa an sa masa sinadarin da ke cinye tabon jini da na madara, wanda bai san bambancin tabo da gashin tunkiya ba, domin asalinsu ɗaya. Bilic kuwa narkar da ulu da siliki yake yi ɗungum. Ki juya rigar ciki ya koma waje, ki nutsar da ita, ki bar ta minti 10 zuwa 15. Ki riƙa danna ta da tafin hannu kina sakewa, ba cuɗawa, ba dirzawa. In akwai tabo a wuya, ki ɗiga sabulun a kai ki daddanna da yatsa. Ɗauraya sau biyu, da ruwa mai ɗumi daidai da na farko.

Wajen fitarwa ne mutane da yawa ke ɓata aikin bayan sun yi wanki mai kyau. Jiƙaƙƙen ulu yana da nauyi kuma ba shi da ƙarfi. Idan kin kama kafaɗa kin ɗaga, nauyin ruwan zai ja rigar ta yi tsawo. Ki tattaro ta dunƙule da hannu biyu, ki matse a hankali ba murɗawa, ki shimfiɗa a kan busasshen tawul, ki naɗe su tare kamar tabarma, ki danna da gwiwa. Sai ki canja wani tawul, ki shimfiɗa ta a kai, ki daidaita ta da awon da kika rubuta, ki bar ta a inuwa. Bayan rabin yini ki juya ta. Ba a rataye saƙa a igiya ko a hanga, jiƙe ko bushe. In kuma ta tabbata wani daga cikin kayan na akirilik ne, shi yana jure inji a digiri 30 ko 40 cikin jakar raga, amma kada dutsen guga ya taɓa shi. Zafi yana kashe shi: ya yi laƙwas, ya yi sheƙi, ba ya sake tashi.

Zanin gadon goggo yana da sauran fata fiye da suwaitar, musamman in ba ki goge shi ba tukuna, domin zafin guga yana zaunar da launin da ya zuba. Abin da ke zuba rarar rini ne da bai kama zaren ba, kuma ja da shuɗi mai duhu da baƙi su ne suka fi yi. Yawanci ba a cikin ruwan wanki ɓarnar ke faruwa ba, sai bayan an matse an ajiye zanin a dunƙule, jiƙaƙƙen jan zare ya kwanta a kan farin yadi na tsawon lokaci. Ki nemi baho mafi girma da kike da shi, ki cika da ruwan sanyi, ki buɗe zanin sosai ki nutsar da shi duka, kada wani gefe ya leƙo waje, domin a bakin ruwa launin ke taruwa ya yi layi. Yawan ruwan shi ne maganin. Da zarar ruwan ya yi ja-ja ki zubar ki sake, ko sau nawa ne, ko da zai ɗauki yini guda. In ya tsaya bai ƙara fita ba, ki koma ruwa mai ɗumi da babban cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, ki bar shi ya kwana. Idan yadin da zaren duk auduga ne, mataki na ƙarshe shi ne garin cire tabo mai oksijin, bayan kin gwada shi a wani lungu na surfanin kin ga bai kashe launi ba. Bilic na kilorin kam kada ki kusanta, garin neman gira a rasa ido: zai cire tabon, ya haɗa da furannin goggo, ya kuma ci yadin. Gishiri da ruwan khal da ake cewa suna kama launi ba sa ɗaure rinin zaren auduga da aka riga aka rina, ɓata lokaci ne. In bayan duk wannan ɗan ja-ja ya rage a gefen furen, ki shimfiɗa kayanki a gado. Sau da yawa yana ƙara koɗewa da kowane wanki.

Rigunan filon da ba ki wanke ba, ki gwada su tukuna. Ki jiƙa farin ƙyalle, ki danna shi a kan kowane launi ta baya na minti ɗaya. In ya fito fari, ki wanke da hannu a ruwan sanyi ba tare da dirza surfanin ba. In ya ɗauko launi, ki wanke shi shi kaɗai a ruwa mai yawa, ki ɗauraye har ruwan ya fito garau, ki naɗe a tawul nan take, ki shimfiɗa gaban fanka don ya bushe da sauri. Guga kuma ta baya ake yi, tun yana da ɗan danshi: ki ninka tawul mai kauri, ki kifa surfanin a kansa, ki danna dutsen ki ɗaga maimakon ja. Zaren zai nutse cikin tawul ya fito a tashe. In aka goge ta gaba, furen ya kwanta ya yi sheƙin ƙuna.

Hoton furen da ƙawarki ta ɗinka bai kamata ya zauna a akwati ba ko kaɗan. In irin ɗinkin nan ne na gicciye a kan yadi mai rami 14 a kowane inci, inci ɗaya tsawo da faɗi yana ɗauke da gicciye 196, kowanne allura ta shiga ta fita sau biyu. Ki wanke shi sau ɗaya kafin a sa a firam ko da idonki bai ga datti ba, domin maiƙon hannun mai ɗinki yana nan, bayan shekaru zai fito rawaya-rawaya. Ki ce wa mai firam kada ya sa gam ko salatif. A ja yadin a kan kwali marar asid, a ɗaure gefunansa ta baya da zare, kamar igiyar takalmi. Kada gilashi ya kwanta a kan ɗinkin, a bar tazarar milimita 3 ko fiye, in ba haka ba danshi zai taru a tsakani. Ki rataye shi inda rana ba ta bugawa kai tsaye, nesa da hayaƙin girki da bangon da ke tsatsafo. Launin da rana ta cinye ba ya dawowa.

Tunda jariri ne zai sa kayan, ki bi su da yatsa kafin kowane sawa. Ki ja kowane maɓalli ki ji ko ya yi kwance, duwatsun ado da tuntu a cire su. Igiyar wuya a zare ta. Ki juya safa da hannun riga ki duba ciki, domin siririn zare ɗaya yana iya naɗe ɗan yatsan jariri ya hana jini gudu, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Shawul kuma na ɗauka ne da rufawa a idonki. Likitocin yara suna hana barin bargo sake a wurin barcin yaron da bai kai wata 12 ba.

Idan wani abu ya kamo zare ya fito kamar kunne, kada ki yanke, domin saƙa zare ɗaya ne dogo, in kin yanke kin buɗe rami. Ki sa kwarashi ko allura mai dakusasshen baki ta ciki ki jawo kunnen baya, ki ɗan ja saƙar hagu da dama ta sha shi. In ido ya suɓuce ya fara gangarowa kamar tsani, ki soke shi da fil mai makulli nan take ki kai wa surukarki. Gyaran minti biyar ne a wurinta, kuma za ta ji daɗin an kawo. Zaren surfani da ya kwance a zura shi a allura a mayar baya, a danne shi da siririn zaren ɗinki. Ƙananan ƙulle-ƙullen da ke tasowa a hammata da almakashi ake aske su, ba a tsigewa.

Ranar da yaro ya fi ƙarfin kayan, sai a zo maganar ajiya. A wanke kafin a ajiye, domin asu ba tsabtataccen ulu yake nema ba, gumi da tabon madara ne ke jan sa, kuma tsutsarsa ce ke cin zaren, ba mai fiffiken da kike gani ba. Kada a sa sitaci, ƙwari suna cin sa. A naɗe kowane abu a tsohon farin zanin auduga da aka wanke, ba jarida ba, ba kwali ba, kuma kada ya taɓa katakon durowa kai tsaye, domin duk suna sa yadi ya yi rawaya. Surfani ya fi son naɗi a kan bututu da fuskarsa a waje. In dole sai an ninke, kada karin ya bi ta kan ɗinkin, kuma duk wata uku ko huɗu ki fitar, ki kakkaɓe, ki sha musu iska, ki canja wurin ninkin. In kin ga ƙananan ramuka ko wani abu kamar yanar gizo da gari-gari, a nan ne leda ke da amfani: ki ƙulle kayan a ciki, ki fitar da iska, ki sa a firizar da ke riƙe digiri 18 ƙasa da sifili mako biyu ba yankewa, sannan ki bar su yini guda a cikin ledar su huce kafin ki buɗe.

Wata rana surukarki za ta sake ɗauko tsinken saƙarta. Ki sauƙaƙa mata: ki ba ta awon ƙirjin yaron da tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙugu da tsawon hannu, ki tuna mata ta ƙara na wata uku gaba. Ki haɗa da zagayen kai, wanda shi aka fi mantawa. Kan jariri yana kusan santimita 35 ranar haihuwa, ya kai wajen 46 a shekara ɗaya, shi ya sa maɓalli biyu a kafaɗa ke sa suwaita ta daɗe ana sawa. In kin san ba za ki samu lokacin wankin hannu ba, ki faɗa mata tun kafin ta sayi zare, akwai ulun gaske da aka sarrafa don ya jure inji, takardarsa tana nunawa. Kuma kowane ɗaya daga cikin kayan nan, ki sami siririn farin ƙyalle, ki rubuta sunan wadda ta yi da shekarar da alƙalamin da ba ya zuba, ki bar tawadar ta bushe, ki ɗinka shi a ciki ta wajen kalmasa da ɗinki huɗu ko biyar, kada ki rubuta a jikin aikin kansa.